Kafinta, ɗan kwangila da kuɗin inshorar rufin gidana

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ɗan ba ni fili in ba 'yan'uwa labarin abin da ya same ni a farkon daminar nan, musamman ma'aikata irina da suka ci bashin gina gida aka ce dole sai sun yi inshora, don ni kam da ba don wannan sharaɗin ba ban ga abin da zai kai ni ofishin takaful, wato inshorar Musulunci, ba.

Iskar nan da ke zuwa gaban ruwan farko ce ta yaye mini rabin rufi cikin dare, kwano ya tashi sai bayan katangar maƙwabci muka tsince shi, ruwa ya biyo baya silin ɗin falo ya sha ya rufto. Gari na wayewa na kira ƙanin matata, kafinta ne kuma wallahi ya iya aiki, ya ce Yaya ka bar mini komai, kafin azahar ya ɓalle karyayyun katakai yara sun kwashe an kai murhu. Ni ban ma tuna da wata inshora ba sai kwana uku.

Da kamfanin suka turo mai tantance asara ya zagaya ya zagaya ya ce Alhaji to ina ɓarnar? Hoto ko ɗaya ban ɗauka ba, sai ɗan bidiyon da ɗiyata ta yi don ta tura wa ƙawayenta, shi ya cece ni. Sai ya nemi lissafin gyara a rubuce, mutumina ya yago takardar buhun siminti ya rubuta kayan aiki da kuɗin hannu jimla kaza, shi ke nan. Mai tantancewar nan dariya kawai ya yi. Ashe so suke a fayyace komai, bandir nawa na kwano kuma wane kauri, katakon tubaifo guda nawa, ƙusa, silin, fenti, kuɗin aiki daban, da sa hannu da lambar waya, in ba haka ba su za su yanka maka farashin da suka ga dama kuma ba ka da bakin musu.

Nan suka ce ai suna da nasu ɗan kwangilar. Na karɓi lissafinsa, tsaf-tsaf a buge da kwamfuta, amma da na kai wa wani tsohon mai sayar da kayan gini ya duba sai ya ce wannan kwanon da aka rubuta ai fallen takarda ne, iska mai zuwa ma ba za ta bar shi ba. Ban ce duk nasu haka suke ba, amma wanda kamfani ke ba aiki kullum ai ka san wanda zai fi jin kunyarsa, ba kai ba ne. Na koma na karanta takardar yarjejeniyar da tunda na sa hannu ban sake buɗewa ba, na ga babu inda aka ce lallai sai nasu, sai na nemo lissafi biyu daga waje, na je da ƙafata na ga gidajen da kowanne ya rufa na tambayi masu gidan ko yana yoyo. Wanda na ɗauka kashi uku muka raba kuɗinsa, kafin alƙalami na kaya kawai kuma ni da shi muka je kasuwa aka ba ni rasit.

Inda aka fi ƙwarata kuwa laifina ne. A 2019 na faɗi darajar gidan lokacin buhun siminti bai kai naira dubu uku ba, ban taɓa sabuntawa ba alhali a 2024 sai da ya haura dubu goma a wasu wurare, sai suka ce tunda gidan ya fi abin da na yi wa inshora daraja to gwargwadon haka za su biya. Wani ya ce in kai ƙara hukumar NAICOM tunda su ke sa ido kan kamfanonin, na duba na ga wannan kam a rubuce yake na sa hannu, cikon daga aljihuna ya fito.

Rufi dai ya hau Alhamdulillahi, silin ɗin ɗaki ɗaya har yanzu leda ce. Shi kuma ƙanin madam tun ranar gaisuwarmu daga nesa ce, ita ma uwargidan ba ta gama hucewa ba.

Naku,
Wani malamin makaranta daga Kaduna