Wasiƙar Godiya ga Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan gidan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode muku bisa riƙon da kuka yi wa waƙoƙin makaɗanmu na dauri, a lokacin da tashoshi da yawa suka karkata ga sabbin waƙoƙin da ake haɗa kiɗansu da kwamfuta.

Gidanku ba ɗan yau ba ne. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta kafa shi, jama'a kuma suka san shi da Rediyo Talbijin Kaduna, kafin daga baya a raba shi da sashen talbijin, ya shiga ƙarƙashin Hukumar Rediyon Tarayya a 1978. A tsawon waɗannan shekaru muryarsa da ake kamawa a mita 49 ta gajeren zango ta ƙetare iyaka, har mutanen Maraɗi da Damagaram da mazauna zango a Gana suka ɗauke shi nasu.

Wanda ya taso da shirin Zaɓi Sonka ya san yadda ake sayen katin zaɓen waƙa, a cika shi da sunayen 'yan uwa da abokan arziki, a kai gidan waya, sannan a kasa kunne mako bayan mako. Ranar da mai gabatarwa ya karanto sunan mutum kafin kalangun Alhaji Mamman Shata ya tashi, har mai shayin unguwa sai ya ƙara wa akwatinsa murya. Shata ya rasu a 1999, Musa Ɗanƙwairo ya riga shi a 1991, Ɗan Maraya Jos kuma ya bi su a 2015, amma yaran da ba su taɓa ganinsu ba sun san amon kotso da na kuntigi, kuma a ganina ku ne kan gaba a wannan aiki.

Roƙona guda ɗaya ne: tsofaffin faya-fayan da ke ɗakin ajiyarku, waɗanda zafi da ƙura ba sa raga musu, a juye su zuwa na'urorin zamani, a kuma rubuta sunan kowane makaɗi da shekarar da aka ɗauke shi, domin amfanin ɗalibai da manazarta.

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan ma'aikatanku da suka riga mu gidan gaskiya.

Naku,
Wani daɗaɗɗen mai sauraro daga Funtuwa