A Koya wa Yaranmu Adana Hoto, Ba Cire Bayansa Kaɗai Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ke ci mana tuwo a ƙwarya, mu masu sana'ar ɗab'i.

Yau da wuya ka shiga unguwa ba ka samu yaron da ya iya haɗa katin biki ko fostar walimar sauka a wayarsa ba, wani da PixelLab, wani da Canva. Wannan abin farin ciki ne, domin sana'a ce ta halak. Sai dai an koya musu goge bayan hoto, ba a koya musu adana shi ba. Yaro zai ɓata dare yana yanke tambarin makaranta tsaf, sannan ya adana shi a nau'in fayil ɗin hoto da ake kira JPEG. Shi kuwa JPEG, wanda aka fito da shi a 1992 domin hotunan kyamara, ba shi da gurbin "babu launi". Dole ya cike wurin da fari ko baƙi. Shi ya sa ake ganin tambari zaune cikin farin akwati a tsakiyar koren allo, kamar faci a jikin shadda.

Maganin shi ne wani nau'in fayil ɗin hoto, PNG, wanda ya zo a 1996. Ban da ja, kore da shuɗi, yana riƙe da bayani na huɗu ga kowane ɗigo: yawan yadda za a hango abin da ke bayansa, mataki 256 daga rufe ruf zuwa wayam. Da haka gefen gashi ko inuwar rubutu ke sajewa da kowane launi aka ɗora su a kai. A manhajar gyaran hoto ta GIMP, wadda kyauta ce, sai an ƙara wa hoton wannan gurbi, wato Alpha, kafin a soma gogewa.

Ko an adana daidai, akwai sauran rina a kaba. Idan aka turo PNG ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar takan matse shi, aikin ya lalace. A turo shi ta Document.

Batun rubutu ya fi damu na. Yawancin salon haruffan ado da yara ke saukewa ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Yaro ya rubuta "ɗaurin aure", akwati ya fito a gurbin harafin farko, sai ya haƙura ya sa d. Tun shekarun 1930 ake buga boko da waɗannan haruffa, a lokacin da ake jera su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Bai dace a ce waya ce za ta raba mu da su ba, alhali salon haruffa irin su Noto, Charis, Andika da Gentium duk suna da su kuma ba a sayen su, Gboard, wato madannin rubutu na waya, ma yana da allon Hausa. Sannan a riƙa barin rubutu a shimfiɗarsa daban, wato ba a manne shi da hoton ba, a ajiye ainihin fayil ɗin aikin, PSD na manhajar Photoshop ko XCF na GIMP. Iyayen amarya kan ɗage rana, kuma wanda ya manne rubutu da hoto sai ya sake aiki daga farko.

Roƙona, Malam Edita, shi ne shafinku na kimiyya da fasaha ya ware mako biyu ko uku ya yi wannan bayani da Hausa, da hotuna mataki mataki. Yaran nan suna da basira, kuma yawancinsu ba su da malami sai bidiyon Turanci da suke kallo da ɗan datar da suka saya.

Wassalam.

Naku,
Wani mai shagon ɗab'i, Zariya