Baƙonku ya ce ɓarayin awaki ne suka rage, to ku zo Mora ku gani

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na daren Laraba daga farko har ƙarshe, kuma wallahi tun ranar raina a ɓace yake. Wannan baƙon da kuka yi ta kira masanin harkokin tsaro ya buɗe baki ya ce an karya lagon Boko Haram a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, wai abin da ya rage 'yan ɓarayin awaki ne da yunwa ke korowa daga duwatsu. Mai gabatarwa ta ce masa madalla, ta wuce tambaya ta gaba. Ko sau ɗaya ba ta ce masa, Malam, yaushe rabonka da Kolofata ba.

Mu bakwai ne a rumfar mai shayi muke jin shirin. A cikinmu akwai wani bawan Allah da ya binne ƙanensa kwana tara kafin nan. A gonar masakwa 'yan Boko Haram suka sami ƙanen da hantsi, suka yanka shi, suka tafi da kekensa da buhun da ya zo da shi. Da baƙonku ya ce ɓarayin awaki, mutumin nan ya ajiye kofinsa, ya sa takalmi, ya tafi bai yi wa kowa sallama ba. Mai shayi ya kashe rediyon. Ni ne na ce a sake kunnawa, don ina zaton za ku buɗe layi wani daga cikinmu ya kira ya gyara maganar. Ba ku buɗe ba.

Ɓarayin awaki! Ɓarawon akuya ne yake hana mutum kwana a ɗakinsa shekara goma? Ku je ƙauyukan bakin iyaka wajen Kolofata da Kerawa da Mayo-Moskota da la'asar sakaliya, ku ga mata da tabarmi a ka da yara a baya suna barin gidajensu, wasu zuwa cikin gari, wasu kan dutse, su kwana a can, gari ya waye su dawo su dafa abin da ya samu. Ƙanwar matata haka ta yi goyon 'ya'yanta uku. Babbansu yanzu ya isa kaciya, kuma bai san mutum yana iya kwana inda ya yini ba.

Ni haifaffen Amcide ne. Shagon mahaifinmu yana kasuwa, taku kaɗan ka shiga Banki, ba ka ma sanin ka bar Kamaru ka shiga Najeriya sai ka ji an fara ciniki da naira. Atamfa, sukari, siminti, fetur a jarka, shanu masu tafiya Maiduguri, komai ta ƙofarmu yake bi. Da na tashi na gaji shagon, yara huɗu nake ciyarwa da aikin ɗauke kaya kawai. A ƙarshen 2014 garin ya watse. Na fito da mata da 'ya'ya da tsohuwa da kayan jikinmu. Yau a Mora nake kasa albasa a kan buhu, kashi-kashi. Ba na faɗi wannan don a ji tausayina ba. Na faɗa ne don ku san ganau ne yake rubuto muku, ba jiyau ba.

Abin da yake ƙona mini rai da ku 'yan jarida shi ne daga bakin manya kawai kuke ƙirga yaƙin nan. In an kai wa sansanin soja hari, za ku karanto sanarwar da ta fito daga Yawunde, soja kaza sun rasu, an hallaka 'yan ta'adda kaza, an ƙwace babura kaza. In kuwa mu aka kashe, sai a ce "wasu mazauna wani ƙauye kusa da iyakar Najeriya". Ba suna, ba sunan ƙauye, wani lokaci ma ba labarin gaba ɗaya. Lokacin da aka sace Turawan Faransa su bakwai 'yan gida ɗaya a wajen Dabanga a 2013, duniya duka ta ji. Da aka kwashe 'yan China goma a Waza a 2014, kullum suna cikin kanun labarai. Da suka shiga Kolofata a watan Yulin 2014 suka tafi da matar mataimakin firaminista Amadou Ali, har wanda bai taɓa jin sunan Kolofata ba ya iya faɗarsa. Duk sun dawo gida, mun yi murna, mun gode wa Allah. To 'yan matan ƙauyukanmu da aka ɗauka a bakin rijiya fa? Guda nawa kuka taɓa kiran sunanta a rediyo? Na san uku da idona, na san iyayensu, ɗaya ma uban ya rasu yana jiran ta.

Kuma ba waɗancan la'anannun kaɗai suka cuce mu ba, wannan ita ce maganar da ba ku son taɓawa. Gaba kura ce, baya siyaki. Ƙanena da muke ciki ɗaya, mai gyaran babur ne, bai taɓa riƙe abin da ya wuce sifana ba. Wata asuba, 'yan watanni bayan mun bar gida, masu kaki suka zagaye unguwar da yake zaune, suka tara maza a fili, suka ware na warewa suka zuba a mota. Laifinsa dai ba shi da katin ɗan ƙasa a aljihu, takardar wucin gadi ce a hannunsa, wa'adinta kuma ya wuce. Tun daga ranar ba mu sake ganinsa ba. Na je Marwa ya fi sau ashirin. Na tsaya a ƙofofi har ƙafata ta kumbura. Wani ya karɓi jaka hamsin a hannuna ya ce zai duba mini sunansa a littafi, na koma ya ce bai san ni ba. Ba gawa, ba takarda, ba wanda zai ce mana ga kotun da aka kai shi. Matarsa ta yi shekara huɗu tana jira kafin malamai suka ba ta fatawa ta yi aure. Inna kuwa har yau ba ta yarda a yi masa sadakar mamaci ba. Kullum da daddare rediyo na gefen filonta, tasharku take ji, wai ko wata rana za a karanto sunayen waɗanda aka sako. Ita ma ta ji baƙonku ranar Laraba.

Kada ku ce labarin mutum ɗaya ne. A ranar 27 ga Disamba 2014 an kwashe maza sama da 200 a Magdeme da Duble, nan cikin Mayo-Sava. Gwamnati da bakinta ta amsa cewa 25 sun mutu a tsare. Ƙungiyar Amnesty ta yi shekaru tana tambayar ina mutum 130 daga cikinsu da suka ɓace. Wannan tambaya ce da ya kamata a ajiye a gaban baƙonku. Sannan hoton bidiyon Zelevet da ya fito a 2018, wanda aka ga sojoji sun tasa mata biyu da yara biyu a gaba sun harbe, ɗaya jariri ne a goye. Da farko hukuma ta ce ƙarya ce aka haɗa. Sai da masu bincike daga waje suka gane duwatsun wurin, suka nuna inda abin ya faru, sannan aka yi shari'a, a 2020 aka yanke wa sojoji huɗu shekara goma-goma. Wannan an ɗauka a waya ne shi ya sa. Na ƙanena ba wanda ya ɗauka.

Na san dalilin da ya sa wakilai suke jin tsoro, ban jahilci wannan ba. Kowa a nan ya san abin da ya sami Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na Rediyon Faransa. A Marwa aka kama shi a watan Yulin 2015, kotun soja ta yanke masa shekara goma a ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014, sai a ƙarshen 2017 ya shaƙi iskar waje. Tun daga nan duk ɗan jaridar da ke yankin nan yake auna kowace kalma. Ban ga laifin mai iyali da ya ji tsoron kurkuku ba. Amma ku da ke zaune a ɗakin watsa labarai mai nisa, wa zai kama ku don kun yi wa baƙo tambaya ta biyu? In ba za ku iya faɗin abin da ke faruwa ba, to kada ku kawo wanda zai faɗi abin da ba ya faruwa ku ce masa madalla.

Tun watan Mayun 2014 Shugaba Paul Biya ya tsaya a birnin Paris ya shelanta yaƙi da Boko Haram. Yaron da aka haifa a ranar yanzu ya fara zuwa gona shi kaɗai. Wa ya taɓa fitowa ya gaya mana yadda ake nufin a ƙare shi? Rundunar haɗin gwiwar ƙasashen tafkin Chadi tana da hedikwata a Njamena, reshenta na Kamaru kuma a nan Mora yake, motocinsu muna ganinsu kullum. Amma wanda ke tsaron ƙauye da dare ɗan banga ne, manomi mai baka da kwari da adda da tocila, in an yi sa'a da bindigar gargajiya. Su ne suke tare 'yan ƙunar baƙin wake a bakin kasuwa, su ne suke mutuwa, matansu su koma bara. Su ma sojojin ƙanana ba na ce suna jin daɗi ba. Yara ne, da yawa daga kudu aka kawo su, suna taka nakiya a hanya suna mutuwa nesa da iyayensu, kuma na sha ba su ruwa da hannuna. Fushina yana kan masu tsara abin daga sama, waɗanda 'ya'yansu ba sa kan dutse ba sa kan shinge.

Duk matakin da aka ce an ɗauka don tsaro, a kan talaka yake sauka. Aka rufe iyaka, kasuwa ta mutu, 'yan bindiga kuwa ba ta ƙofar kwastan suke shigowa ba balle rufewar ta dame su. Aka taƙaita hawan babur, samarin da ke acaɓa suka zauna ba aikin yi, mai naƙuda a ƙauye ta rasa abin da zai kai ta asibiti. Wasu daga cikin samarin nan da yunwa ta ci ƙarfinsu su ne aka yaudara da alkawarin babur da kuɗin aure suka bi daji, kowa a nan ya san haka. Shingaye kuwa sun zama rumfunan karɓar kuɗi. In na bi motar albasa zuwa Kusuri, tun daga gida nake canjin 'yan ɗari biyar-biyar na cika aljihu, domin ba buhu ake dubawa ba, hannu ake dubawa. Ita kanta hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusuri, kimanin kilomita 200, tun da aka sace 'yan Chinan da ke aikinta muke jin yau za a gama gobe za a gama. Na taɓa kwana uku a kanta da damina, rabin albasar ta ruɓe a mota, na zubar da ita a bakin hanya ina kuka kamar yaro. Wannan ita ce hanyar da kayan Chadi suke bi daga tashar jirgin ruwan Duwala har gadar Ngeli. In babbar hanya haka take, ku ƙiyasta ta ƙauye.

Sai kuma batun tubabbu. A 2018 gwamnati ta kafa kwamitin karɓar waɗanda suka ajiye makami, da cibiya a Mora. Ban ƙi a karɓi tuba ba, Allah ma yana karɓa, kuma wasunsu tun suna yara aka sace su. Amma a yi wa wanda ya ƙone gida tanadin abinci da koyon sana'a, wanda aka ƙone wa gidan kuma yana kwance a bukkar leda ba wanda ya tambaye shi ya ya kwana, wannan ba zai kawo zaman lafiya a zukata ba. A Ngecewe, a watan Agustan 2020, har cikin matsugunin waɗanda suka gudo aka bi mutane da bam cikin dare. Kun faɗa sau ɗaya, washegari kun koma zaɓen Amurka. Kuna da lokacin yi mana bayanin yaƙin Yukiren gari-gari, har na haddace sunayen biranensu, amma mai karanta labaranku bai iya faɗin Mozogo daidai ba.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan. Me ya sa kuka cire shirin farashin kasuwanni na safiyar Asabar kuka sa ƙwallon Turai a gurbinsa? Da shi muke sanin yadda buhun albasa da wake da gero suka kwana a wasu garuruwa kafin dillali ya zo ya yi mana wayo. Masu son ƙwallo suna da waya, suna da gidan kallo a kowace unguwa. Ku dawo mana da shirinmu, ko da minti goma ne.

Abin da nake nema a wurinku ba shi da yawa. Ku karanta wasiƙar nan a daidai lokacin da kuka ba baƙonku, kada ku yanke inda na yi maganar masu kaki. Ku sake gayyato shi ku tambaye shi Magdeme da Duble. Sannan ku turo mutum. Ranar Lahadi ce kasuwar Mora take ci, daga Marwa tafiyar kilomita 60 ce kawai. Ya sauka a tasha ya nemi layin 'yan albasa, ba sai ya zo da abin ɗaukar murya a fili ba in yana tsoro. Zan kai shi wurin mutumin da ya ajiye kofin shayinsa, zan kai shi wurin matan 'yan banga, daga nan mu wuce gida wurin Inna. Hoton ƙanena yana cikin kwallarta a naɗe da ƙyalle, za ta fito masa da shi.

Wassalam.

Mai sauraronku,
ɗan kasuwar albasa daga Mora, Arewa Mai Nisa, Kamaru.