Saƙon zuri'ar Fasto Edwards da ake yawo da shi, rabi aka faɗa mana

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in tanka kan wani saƙo da ya cika mana gurup-gurup na WhatsApp a nan Zariya, wai wani fasto a Amurka mai suna Jonathan Edwards saboda tsoron Allahnsa zuri'arsa duk ta fito da alƙalai da farfesoshi da likitoci, shi kuma wani mashayi zuri'arsa ta ƙare a kurkuku. Musulmi na turawa, Kirista na turawa, kowa na cewa kun gani ko, asali ba ya ɓuya.

Faston dai gaskiya ne an yi shi. An haife shi a 1703 a Connecticut, lokacin Amurka na ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila, shi kaɗai ne namiji cikin 'ya'ya 11, babansa Timothy fasto, kakansa na wajen uwa Solomon Stoddard shi ma fasto, wato gidan malamai ne gaba da baya irin yadda muke faɗin gidajen Unguwar Juma ko Kona. Ya shiga kwalejin Yale bai cika shekara 13 ba. Ɗarikarsu ta Congregational ba su da bishop a sama, jama'ar kowace coci su ke ɗaukar fastonsu su kuma sallame shi, kuma haka aka yi masa a garin Northampton a 1750 bayan ya shafe sama da shekara 20 yana musu wa'azi, kan rigimar wa ya cancanci cin jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da Kirista ke ci a coci, suka kaɗa ƙuri'a suka ce ya tattara. Daga nan ya koma Stockbridge yana aiki cikin 'yan asalin ƙasar. Wannan duk babu a saƙon.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kakarsa ta wajen uba, Elizabeth Tuttle. Mijinta kai ƙara ya yi ta yi sai da aka raba auren a 1691, a zamanin da saki a wajensu abu ne mai wuyar gaske. Ɗan uwanta na jini ya kashe 'yar uwarsu da gatari, wata 'yar uwar tata kuma ta kashe ɗan cikinta. To Malam Edita ka ɗauko wannan gidan ka ajiye shi a cikin birnin Zariya, a ce ɗansu Timothy ya je neman aure, an tura baffanni da gwaggonni binciken asali, wallahi ko kuɗin gaisuwa ba za a karɓa ba, za a ce gidan akwai taɓin hankali a jini, a kai kasuwa. Kuma wannan Timothy ɗin da za mu kora shi ne ya haifi faston da muke ta turawa juna yau muna yabon tsatsonsa.

Ta ɓangaren jikoki ma haka. E, jikan Edwards, Timothy Dwight, ya shugabanci Yale. Amma wani jikan, Aaron Burr, wanda saƙon ke alfahari da shi don ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 1801 zuwa 1805, shi ne a 1804 yana kan kujerar ya harbe Alexander Hamilton, mutumin da hotonsa ke jikin dala 10 har gobe, daga baya kuma aka gurfanar da Burr ɗin kan cin amanar ƙasa a 1807, kotu ta sake shi. Shi Burr ɗin ma bai tashi a hannun kakan ba, don Edwards ya rasu a 1758 sakamakon rigakafin agana da aka yi masa, makonni kaɗan bayan ya karɓi shugabancin kwalejin da ta zama Princeton, uwar yaron da kakarsa Sarah, matar Edwards, su ma suka bi shi a shekarar, ubansa kuwa tun 1757 ya riga su. Maraya ya tashi. Sannan shi kansa faston ya mallaki bayi, a 1731 ya sayi wata yarinya 'yar Afirka da ake kira Venus. Tata zuri'ar babu wanda ya ƙirga mana.

Ni ban ce kar a yi bincike kafin aure ba, a yi, a duba halin yaro da sana'arsa da lafiyarsa, a yi gwajin jini na sikila wanda shi ne ma ake sakaci da shi. Abin da nake ƙi shi ne a hana yarinya miji don wai kakar kakarta ta taɓa tsintar leda a kasuwa, ko a raina saurayi don gidansu mahauta ne ko wanzamai, sai kuma a ɗauko labarin Bature da aka yanke rabinsa a kafa hujja da shi. Ina roƙon jaridarku ta buga wannan a shafin ra'ayi, masu gurup kuma su tura shi yadda suka tura wancan.

Naku, mai karanta jaridarku daga Tudun Wada, Zariya.