Saƙo Ga 'Yan Ƙungiya Mazauna Amurka Kan Filin da Birni Zai Miƙa wa Hukumar Makarantu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Iyayenmu, yayye da ƙanne, kwamitin zartarwa yana gaishe ku da fatan kuna lafiya tare da iyali. Dalilin wannan takarda shi ne filin nan da ke bayan makarantar sakandare, wanda majalisar birnin da akasarinmu ke zaune ta bayyana niyyar miƙa wa hukumar makarantun gunduma domin a mayar da shi filin wasanni. Tun da labarin ya fito wayar sakatare ba ta huta ba, kuma tambayoyin da ake yi sun nuna mana cewa da yawa daga cikinmu sun ɗauka abin tuwona maina ne, wato gwamnati ce za ta ba gwamnati, don haka babu abin da zai canja.

Ba haka abin yake ba. A mafi yawan jihohin ƙasar nan hukumar makarantun gunduma gwamnati ce mai zaman kanta, da zaɓaɓɓun wakilanta da kasafin kuɗinta, wanda babban kasonsa ke fitowa daga harajin gidaje da kuma abin da jiha ke bayarwa, kuma sau da yawa iyakarta ma ba ta yin daidai da ta birni. Irin waɗannan hukumomi sun haura 13,000 a faɗin Amurka. Ranar da aka sa hannu a takardar mallaka, magajin gari da 'yan majalisarsa sun fita daga maganar, kuma duk mai ƙorafi a kan filin sai ya nemi wata ƙofar ya ƙwanƙwasa.

Matsayin kwamiti shi ne muna goyon bayan a miƙa filin. Duk wanda ya je wurin ranar Lahadi da yamma ya ga halin da yake ciki: ciyawa ta ƙare a bakin raga sai tsurar ƙasa, ragar kanta ta yage har yara suna ɗaure ta da igiyar takalmi, kuma idan aka yi ruwa kusurwar gabas takan kwana biyu tana tafki. 'Ya'yanmu da ke makarantar kuwa a motar makaranta ake kwasar su zuwa filin aro domin atisaye, su dawo gida bayan magariba da aikin gida na jiran su. Idan hukumar makarantu za ta gyara wurin, ta sa fitilu da wurin zaman 'yan kallo, ba mu ga dalilin da zai sa mu tsaya a gabanta ba.

Abin da ya dame mu shi ne makulli. A yau filin na kowa ne, babu shinge babu mai gadi, kuma matasanmu da ke aiki tsawon mako nan suke haɗuwa su buga ƙwallo, yayin da dattawa ke zagaye gefe domin motsa jini. Wani ɗan uwa da ya dawo daga wata jiha ya ba mu labarin yadda aka yi irin wannan miƙawa a inda ya zauna. An yi ta alkawari a taro cewa jama'a za su ci gaba da shiga, amma da aka gama aiki sai ga shinge ya fi mutum tsawo, da ƙaton kwaɗo a ƙofa, da allo mai cewa sai da izinin makaranta. Da suka je neman izinin aka buƙaci kuɗin haya na kowace awa da takardar inshora, abin da ƙungiyar samari ba ta da halinsa. Ba mu ce mugunta ce ta sa aka yi haka ba, domin hukumar makaranta tana tsoron a kai ta kotu idan wani ya ji rauni a harabarta, kuma tana tsoron masu ɓarna. Sai dai alkawarin baki yana tafiya ne da wanda ya yi shi, su kuwa wakilan hukumar zaɓe ne ke kawo su, zaɓe ke tafiya da su.

Saboda haka buƙatarmu ita ce a rubuta. Tun ran gini tun ran zane. Muna so birni da hukumar makarantu su ƙulla yarjejeniyar amfani tare, irin wadda aka saba yi a birane da dama na ƙasar nan, a fayyace a cikinta awannin da filin zai kasance a buɗe ga jama'a bayan an tashi daga makaranta da ƙarshen mako da lokacin dogon hutu, a faɗi wanda zai riƙe makulli, da wanda zai ɗauki nauyin inshora, da ko za a karɓi kuɗi daga ƙananan ƙungiyoyin unguwa. Muna kuma so a sa sharaɗi a cikin takardar mallakar kanta cewa idan aka daina amfani da wurin a matsayin filin wasa, ko aka so sayar da shi, to ya koma hannun birni. Lauyoyi sun san wannan sharaɗi sarai, kuma shi ne abin da ya fi wuyar samu bayan an riga an sa hannu, domin wanda ya karɓi fili babu sharaɗi ba shi da dalilin ɗaure kansa daga baya.

Akwai kuma maganar faɗin filin, wadda ba kowa ya lura da ita ba. Filin ƙwallon Amurka (wasan da ya bambanta da ƙwallon ƙafa da muka sani) tsawonsa yadi 120 ne, faɗinsa ƙafa 160, wato kusan mita 49, alhali ƙa'idar FIFA ga wasannin ƙasa da ƙasa ita ce faɗi daga mita 64 zuwa 75. Ba muna cewa sai an gina wa yara filin gasar duniya ba, amma idan aka zana wurin da ma'aunin ƙwallon Amurka kaɗai, sannan aka kewaye shi da hanyar tsere mai mita 400, masu ƙwallon ƙafa za su tsinci kansu a matse, kuma ita ce wasan da mafi yawan 'ya'yanmu ke yi. Ga iyayen 'ya'ya mata, dokar tarayya ta 1972 da aka fi sani da Title IX ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya fifita maza a kan mata, kuma wannan ya haɗa da rabon lokacin atisaye da ingancin wurin wasa. Dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 ita ma ta wajabta a yi hanyar da mai keken guragu zai shiga.

Game da kuɗi, an saba miƙa irin wannan fili tsakanin hukumomi a kan dala ɗaya kacal, amma kada wannan ya ruɗe mu, domin ginin ne mai tsada. Galibi hukumar makarantu bashi take ci ta hanyar takardun lamuni bayan masu zaɓe sun amince, a riƙa biya daga harajin gidaje na shekaru, kuma ɗan haya ma yana jin sa a jikinsa idan mai gida ya ƙara kuɗi. Idan ciyawar roba za a shimfiɗa, a sani cewa takan buƙaci canji bayan kimanin shekara takwas zuwa goma, kuma tana ɗaukar zafi sosai da rani, don haka ya dace a tambayi inda kuɗin canjin zai fito. Mun kuma roƙi wata 'yar uwa mai aikin lauya ta duba mana ko an taɓa kashe kuɗin asusun tarayya na kiyaye ƙasa da ruwa, wanda ya fara aiki a 1965, a kan filin. Idan an taɓa, doka ta hana a raba shi da shaƙatawar jama'a sai da amincewar ma'aikatar cikin gida ta tarayya, tare da samar da wani filin mai daraja daidai da shi, kuma wannan zai ƙara wa buƙatarmu ƙarfi.

Majalisar birni za ta yi zaman jin ra'ayin jama'a kafin ta kaɗa ƙuri'a, hukumar makarantu ma za ta yi nata. Zaman a buɗe yake ga kowa, kuma ba sai mutum yana da takardar zama ɗan ƙasa zai halarta ko ya yi magana ba. Akan rubuta suna kafin a fara, a ba kowa minti biyu ko uku, shi ya sa muke so kowa ya shirya abin da zai faɗa tun daga gida, ya tsaya a kan makulli da sharaɗin takarda. Mai buƙatar tafinta ya sanar da mu da wuri. Idan kuwa maganar bashin ta kai ga akwatin zaɓe, muna jan kunnen duk wanda bai zama ɗan ƙasa ba da kada ya yi rajista ko da wani ya miƙa masa fom, domin hakan na iya lalata masa takardun zama.

Sakatare zai turo rana da wurin kowane zama da zarar an fitar da ajanda. Masu mota da za su iya ɗaukar dattawa su ba da sunayensu, haka ma matasa biyu daga cikin masu buga ƙwallo a filin, domin muna so 'yan majalisa su ji daga bakinsu.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa