Wayar Hannu Ta Fi Rabon Kwamfuta Amfani Ga Talaka

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan maganar da ake yawan yi cewa fasahar sadarwar zamani ce za ta fitar da ƙasashe masu tasowa daga ƙangin talauci. Ban musa ba, sai dai na lura masu faɗin haka, musamman mahukunta, sun fi mayar da hankali kan na'ura mai ƙyalli, ba sa tambayar wace asara ce talaka yake tafkawa kullum wadda na'urar za ta toshe.

A jihar Kerala ta ƙasar Indiya, kafin zuwan wayar hannu, masunci kan kwana a teku, gari na wayewa ya nufi kasuwar gaɓar da ya saba, bai san ko wasu sun riga shi cika ta da kifi ba. Idan ya tarar ta cika, babu halin zuwa wata domin kasuwar safe ce, sai ya zubar da kifin yana ji yana gani, alhali a wata gaɓa mai 'yar tazara masu saye suna nema ido rufe. Tsakanin 1997 da 2001 aka kafa turakun waya a yankin, masunta suka fara buga wa dillalai tun suna kan ruwa, su ji inda farashi ya fi kyau kafin su juya akalar jirgi. Masanin tattalin arziki Robert Jensen, wanda ya bi diddigin lamarin, ya gano cewa zubar da kifi, wanda a da yakan ci kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari na abin da aka kamo, ya kau, ribar masunta ta ƙaru da kashi 8, mai saye kuma ya samu sauƙin kashi 4. Babu wanda ya raba musu wayar kyauta, ba a kuma yi bikin yanke kyalle ba; da guminsu suka saya domin sun ga za ta biya kanta.

Haka abin yake a Kenya, inda kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa, tsarin aika kuɗi ta wayar hannu, a 2007. Mai aiki a Nairobi da yake son aika wa iyayensa kuɗi a ƙauye, a da sai ya damƙa wa direba amana ko ya yi tafiyar da kansa, yanzu kuwa saƙo ɗaya ya isa, a ƙaramar waya mai madannai wadda ba ta san intanet ba. Binciken Tavneet Suri da William Jack na 2016 ya ƙiyasta cewa tsarin ya tsamo gidaje 194,000 daga matsanancin talauci, kuma gidajen da mata ke riƙe da su ne suka fi cin moriya. Wasu masana sun ja da wannan adadi, amma ko an rage shi, asirin nasarar a fili yake: akwai wakili kusa da gida wanda zai karɓi saƙon ya miƙa tsabar kuɗi.

A gwada wannan da shirin bai wa kowane yaro kwamfutar cinya da aka sanar a 2005. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwa ta raba a makarantun karkara, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ci gaba a lissafi ko karatun yaran ba. An kawo na'ura, malamin da zai koyar da ita bai samu isasshen horo ba, yawancin makarantun kuma babu intanet. An yi tuya an manta da albasa.

Abubuwan da suke tare wa talaka hanya ba ɓoyayyu ba ne. Kimanin mutum miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da lantarki, ga tsadar data, ga rashin iya karatu da ke sa mutum ya miƙa wa wani wayarsa har da lambar sirri domin a duba masa saƙo, kuma ta nan ne 'yan damfara suke samun ƙofa. Wasu gwamnatocin ma su ne ke ƙara wa borno dawaki: Yuganda ta ɗora harajin shilin 200 a kullum kan shiga shafukan sada zumunta a 2018, abin da mai hali ba zai ji a jikinsa ba, amma ya isa ya kori mai ƙaramin ƙarfi.

Roƙona ga wannan jarida shi ne, duk lokacin da aka gayyaci wakilanku bikin rabon kwamfutoci ko buɗe wata cibiyar fasaha, su rubuta ranar su ajiye, bayan shekara guda su koma ba tare da sanarwa ba, su ƙirga mana nawa ne suke kunnuwa, wa yake amfani da su, kuma wa yake biyan kuɗin wuta.

Wassalam.
Naku, mai karanta jaridarku a kullum.