Ba jabu na sayar miki ba, soson ƙarfe ne ya cinye shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana da mata 'yan uwana, da mazan da kuɗin kayan ke fitowa daga aljihunsu, kan wata asara da ake tafkawa a gidajenmu da sunan tsafta. Ni mai sayar da kayan kicin ce a kasuwar Sabon Gari a Kano, kuma yawancin cinikina na kayan aure ne, don haka kayan da suka lalace a gidan amarya wurina suke dawowa.

Mace za ta shigo rumfa da kasko a leda, fuska a murtuke, ta ce: "Hajiya, jabu kika ba ni, ko shekara bai rufa ba ya fara kama abinci." Ban musa cewa akwai jabu a kasuwa ba, akwai shi jingim. Amma idan na ɗaga kaskon na kalle shi a haske, sau da yawa zane-zane nake gani sun zagaye cikinsa, farin ƙarfe ya leƙo ta ƙarƙashin baƙin. Sai in tambaye ta wa ke mata wanke-wanke. Ta ce yarinyarta. In ce da me take wankewa? A nan magana take tsayawa, domin yawancinsu ba su taɓa leƙawa sun gani ba.

Mu dai an tashe mu a kan cewa tukunya ba ta fita ba sai ta yi ƙyalli. Tukunyar dalma ce a kan murhun itace, a shafe mata gindi da toka kafin a ɗora, a sauke a dirje ta da yashi da soso har hannu ya yi ja. Tasoshin tagulla na Bida da iyayenmu ke jerawa, da lemon tsami da toka ake goge su. Kwalla da kumbo da samira duk sun jure hannun mai ƙarfi. Yarinyar da ta fi kowa dirza ita ake yaba wa, ita ake cewa za ta riƙe gidan miji. Wannan tarbiyya ta yi daidai da kayan da aka yi ta dominsu. Kayan ne suka sauya a hannunmu, hannun bai sauya ba.

Tukunyar nonstik, wato wadda abinci ba ya kamawa a cikinta, wadda yanzu babu kayan auren da ke cika sai da ita, ba sabon abu ba ce a duniya. Kamfanin Tefal na Faransa ya fara harkarta tun 1956. Baƙin da ke cikinta wani shafe ne irin na roba da bai kai kaurin takarda ba, kuma shi ne dukan abin da kika biya kuɗi a kansa. Idan ya tafi, alminiyam kawai ya rage miki. Soson ƙarfe na cire shi, cokalin ƙarfe na yanka shi, haka nan idan aka bar tukunyar a kan wuta babu komai a ciki har zafinta ya haura digiri 260, shafen ya fara lalacewa ke nan. Abin da take so bai taka kara ya karya ba: a bari ta huce, a jiƙa ta da ruwan ɗumi da sabulu, a wanke da soso mai laushi, a juya abinci da cokalin katako. To amma yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye jiya, da ta ga baƙi a cikin tukunya, me kike so ta ɗauka in ba ƙauri ba? Za ta zage ta kankare shi, ta kawo miki tana murna.

Sauran ba sai na tsaya a kansu ba, kowa ya san nasa. Farantan tangaran masu bakin zinariya da aka goge zinariyar tas. Bilanda da aka tsoma gindinta cikin ruwa da injinta da komai. Gas mai saman gilashi da aka watsa wa ruwan sanyi yana da zafi ya tsage. Talabijin da aka fesa wa ruwan omo, ruwan ya gangara ƙasan gilashin, layuka suka fito a hoto. Kabet da gadon da aka yi da matsattsen garin katako, da ake malale ɗaki da ruwa kullum har ƙafafunsu suka kumbura suka fara marmashewa. Mabul da aka zuba wa ruwan wankin masai mai asid, ya dushe har abada, domin mabul dangin farar ƙasa ne, asid cin sa yake yi. Shadda mai tsada da aka jiƙa a omo ta kwana, ko 'yan bugu suka yi iyakar ƙoƙarinsu maiƙonta bai dawo ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne sa wuƙa a ɓamɓare ƙanƙarar firiza: ana huda bututun gas, kuma gas ɗin da ke cikin firij da yawa na yanzu mai kamawa da wuta ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai, labarin ƙanwata ne. Ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, suna haya ita da mijinta. Da ta haihu aka nema wa Gwaggonmu bizar ziyara, wadda iyakarta wata shida, ta je ta yi mata zaman jego. Gwaggo mace ce da ba ta iya zama hannu rabbana. Mai jego na barci, maigida na wurin aiki, ita kuwa ta ɗaura zani ta shiga gyaran gida yadda ta saba a Kano.

Ta fara da banɗaki. A wurinmu banɗaki siminti ne ko tayil, da makwarara a ƙasa; ki sheƙa bokiti biyu, ki bi da tsintsiya, ruwa ya wuce. A gidajen can da yawa, banɗakin yana sama, daɓensa katako ne aka lulluɓe, kuma babu makwarara sai a cikin bahon wanka. Ruwan da Gwaggo ta riƙa sheƙawa bai da hanyar fita, sai ya bi ta tsakanin katako ya sauka a silin ɗin kicin, ya yi tabo, fenti ya fara ɓarewa. Daɓen falo, wanda ake gogewa da tsumma mai ɗan laima, ta riƙa yi masa wanka har bakin allunan ya tashi. Suwaitar ulu ta maigidan ta shiga injin wanki da ruwan zafi, ta fito sai dai a sa wa yaro. Akwai kuma wani kasko na baƙin ƙarfe mai nauyi da ƙanwata ta daɗe tana horarwa da mai. Gwaggo ta yini a kansa har ya koma fari-fari, ta kife shi da laimarsa, washegari ya yi tsatsa.

A Ingila mai haya yana ajiye kuɗin jingina kafin ya shiga gida, wanda dokar 2019 ta ƙayyade kada ya wuce kuɗin hayar mako biyar a yawancin gidaje, kuma daga cikinsa ake cire kuɗin gyaran abin da ya lalata in zai tashi. Wato su biyun suna kallon kuɗinsu na tafiya, amma babu mai iya buɗe baki. Shi suruki ne, ko haɗa ido da ita ba ya yi. Ita kuwa ƙanwata, yaya za ta ce wa wadda ta bar gidanta ta ƙetare teku a cikin sanyi don ta dafa mata kunun kanwa, "Gwaggo, kin yi ɓarna"? Sai ta kira ni tana magana ƙasa-ƙasa, ta ce: "Yaya, don Allah ki san yadda za ki yi da ita."

Da na samu Gwaggo a waya ban ambaci ɓarna ba. Ta yi sana'ar waina shekara da shekaru, don haka sai na tambaye ta ko za ta yarda wani ya ɗauki tandarta ya dirje ta da yashi. Ta ce wa zai fara, ai sai waina ta kama, tanda sai ta sha mai ta yi baƙi take daɗin suya. Na ce to Gwaggo, wancan kaskon tandarsu ce. Ta yi jim, sannan ta ce: "To su me ya hana su faɗa mini? Ni na ga baƙi na ɗauka dauɗa ce." Wallahi tambayar tata ta fi duk bayanina nauyi. Daga nan ita da kanta ta riƙa ɗaga abu tana tambaya kafin ta taɓa.

Kada kuma na waje su ɗauka su ne masu sani. Idan 'ya'yansu suka zo hutu gida, irin wannan gyaran gangar auzinawa suke yi mana. Na san gidan da jika ta zo daga Amurka ta ga randar kakarta ta yi gansakuka a waje, ta wanke ta ciki da bai da omo da bilic. Randa ƙasa ce, tana shan abin da aka zuba mata, ruwan ya daɗe yana warin sabulu har tsohuwar ta haƙura da ita. Turmi ma an jiƙa shi a ruwa an shanya a tsakiyar rana, ya tsage. Kowa da kayan da ya sani.

Inda nake son masu karatu su tsaya su yi tunani shi ne bambancin hukunci. Gwaggo ta lalata abin da ya kai kuɗi masu yawa, aka rufa mata asiri, aka raka ta filin jirgi da tsaraba, kuma haka ya dace. 'Yar aiki ta yi irin wannan kuskuren a kan kasko ɗaya, sai zagi, wani lokaci har da duka, sannan a ce za a cire a albashinta. Wane albashi? Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, kuma kowa ya san yaran nan ba sa ganin ko kusa da shi; ɗan abin da ake bayarwa ma dillaliyar da ta kawo su ta yaga, sauran ya tafi wurin iyaye ana tara na kayan ɗaki. Saitin tukwane ɗaya a rumfata zai iya cinye aikinta na watanni. Na ga matar da ta zo da yarinyar har kasuwa, wai in faɗi kuɗin kaskon a gabanta don ta san abin da ake bin ta. Yarinyar ba ta wuce shekarun 'yar firamare ba, tana tsaye tana murza gefen hijabi. Ban faɗa ba. Na ce wa matar, Anti, kin taɓa zaunar da ita kin nuna mata soson da za ta ɗauka? Ta ce ai abu ne da kowa ya sani. Ita kanta da na bincika, da cokalin ƙarfe take juya miya a ciki.

Malamanmu na fiƙihu sun yi bayani cewa wanda aka ɗauka aiki a gida amintacce ne a kan kayan da ke hannunsa, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi ganganci ko sakaci. Wadda ta dage da dirza don ta faranta miki, ina gangancin yake? Kuma Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, ya ce ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ka bar kaza ba. Muna jin wannan a wa'azi muna gyaɗa kai, mu koma gida mu ɗaga wa yarinya hannu a kan faranti.

Akwai abin da ya fi kaya muhimmanci, shi ma ɗokin tsafta ne ke jawo shi. Yara da yawa, har da manya, suna haɗa bilic da ruwan wankin masai a bokiti ɗaya wai don ya fi fita. Haɗin nan yana tayar da iskar kilorin, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, kuma a banɗaki ake yin sa, ƙofa a rufe, taga ƙarama. Uwar gida tana falo, yarinya na ciki tana tari. Ko ba za ki koya mata komai ba, ki koya mata wannan.

Mu 'yan kasuwa ma da sauran aiki a gabanmu. Takardar da ke cikin kwali da Turanci take zuwa, ko Larabci, ko Sinanci, ko Turkanci, kuma ita ce abin farko da 'yan jere ke zubarwa. Ni yanzu duk wadda ta sayi saitin nonstik ina haɗa mata da soso mai laushi da cokalin katako, in ce ta turo mini mai yi mata wanke-wanke ko ta ba ta waya in yi mata bayani da bakina. Wasu na dariya, wasu na turowa. Masu shigo da kayan nan da kwantena kuwa, da za su buga 'yar takarda da Hausa, da boko da ajami, mai hotuna, su liƙa a murfin tukunya, kuɗin da za su kashe bai kai na kasko ɗaya da ake dawo musu da shi ba.

Ga masu ɗaukar iyaye zuwa waje zaman jego, ranar da suka sauka, bayan sun ci sun huta, a zaga da su gidan a nuna musu inda ruwa ke wucewa da inda ba ya wucewa, da abin da ake sa wa injin wanki da wanda ba a sawa. Wannan ba raini ba ne, kuma ya fi sauƙin faɗa a ranar farko fiye da bayan silin ya jiƙe.

Kai kuma Edita, shafin mata na jaridarka kullum girke-girke ne da gyaran jiki. Ina roƙon a ware ko rabin shafi ne a wata, a gayyato masu gyaran firij da talabijin, da kafintoci, da masu wanki da guga, kowa ya faɗi abin da ke kashe kayan da ake kawo masa. Idan an zo kan tukwane, a neme ni.

Wassalam.

Daga wata mai sayar da kayan kicin,
Kasuwar Sabon Gari, Kano.